Layi na Bakwai a Aji Huɗu

Mako goma sha uku suka rage wa 'yata ta biyu a makarantar firamare. Tana aji huɗu karo na biyu, kuma ƙa'idar makarantar ita ce yaro ya maimaita aji sau ɗaya tak. In ya sake faɗuwa sai hedimasta ya kira iyayensa ya ba su shawara su nema masa abin yi, wato kora ce cikin lalama. Su saba'in da huɗu ne a ajin. A zangon farko ta zo ta sittin da tara, a na biyu ta saba'in da ɗaya, kuma wanda bai shiga cikin hamsin na farko ba a zango na uku ya faɗi. Shekarunta goma sha ɗaya. Abin da ke gabana ke nan a Kafanchan a shekarar 1990.

Ni dillalin citta ne. Ban yi boko ba. Da dako na fara a tashar jirgin ƙasa, daga nan na koma bin kasuwannin ƙauye ina sayen mudu-mudu, har Allah ya sa na kama sito na kaina, ina loda mota zuwa Kano da Legas. Aikina tantancewa ne. In aka zube buhu a gabana, kafin mai shi ya gama gaisuwa na san wadda ta bushe, da wadda aka ɗura da danshinta, da wadda aka cakuɗa da ƙasa don ta yi nauyi. Na faɗi wannan ne don a san ba a yi mini rufa-ido a kasuwa. A cikin gidana kuwa abu ya yi kusan shekara uku a gabana ban gan shi ba.

Makarantar tana da wani tsari da kowa a unguwa ya sani, har wanda ba shi da ɗa a ciki. Ranar da aka dawo hutu malami zai fitar da yara duka waje, ya tsaya a bakin ƙofa da takardar sakamako, ya riƙa kiran suna daga na ɗaya har na ƙarshe. Wanda aka kira ya shiga ya zauna. Na ɗaya a gaban allo, na ƙarshe a jikin bangon baya. Layi bakwai ne. Biyun gaba suna da benci da tebur, na tsakiya benci kawai, na shida da na bakwai kuwa katako ne aka ɗora a kan bulo. Tagar bayan ajin tana kallon wani injin niƙa a tsallaken hanya, wanda ke tashi tun ƙarfe takwas ba ya mutuwa sai azahar. In ana bukatar masu ɗebo ruwa, ko masu share fili, ko masu cire ciyawa a gonar makaranta, daga baya ake ɗiba, wai su ba sa asarar kome in sun fita. In sufeto zai zo a gargaɗe su kada wanda ya ɗaga hannu. Iyaye mata ma ba sa tambayar yaro na nawa ya zo, sai dai su ce, "Wane layi aka sa ka?"

Ban tsaya ga yarda da wannan tsari ba, har ƙarfafa shi na yi. Babban ɗana bai taɓa barin layin farko ba, ni kuma ina jin daɗin abin kamar ni na rubuta jarrabawar. A wani taron iyaye da malamai, shekara biyu kafin wannan, na miƙe na ce ai mu ma haka muke yi a sito, mai kyau gaba, mai bi mata tsakiya, tarkace baya. Aka yi dariya, aka tafa mini. Da daɗin tafin na sayi katako na sa kafinta ya yi benci huɗu masu majingina, na ce sharaɗina a ajiye su a layin gaba na aji huɗu, inda yaron nawa yake a lokacin.

Ita yarinyar da ta fara makaranta a layi na biyu take. Tana aji biyu ƙyanda ta kama ta, ta kwanta kusan wata guda. Da ta tashi sai kunnenta ya riƙa zubar da ruwa. Uwarta ta sayo maganin ɗigawa a kemis, ruwan ya tsaya, muka gode wa Allah, muka manta. Kakar citta ce, ina kwana biyu uku a ƙauye kafin in leƙo gida. Ban kai ta asibiti ba. Kuɗin akwai, dalili ne ban gani ba.

Daga nan halinta ya canza, ko dai mu muka ce ya canza. A kira ta daga tsakar gida ba ta amsawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kallo. In ina mata magana sai ta kafe ni da ido, ko ƙiftawa ba ta yi. Mu kuwa yadda aka rene mu, yaro, balle 'ya mace, in babba na magana ƙasa yake kallo. Na ɗauka fitsara ce ta fara. Na sha ce mata, "Ke, ni sa'anki ne? Sunkuyar da kanki!" Sai ta sunkuyar, in gama faɗana, in ce ta maimaita abin da na ce, ta yi shiru. Sai in ɗauko bulala. Kakarta ta ce taurin kai ne irin na dangin uwarta. Uwarta ta ce ko iska ce ta taɓa ta, har rubutu aka karɓo mata ta sha. A makaranta ma malamin aji huɗu dukanta yake yi in ta dube shi. Muka haɗu, gida da makaranta, muka koya mata kallon ƙasa har ta ƙware. Kowane zango kuma tana ja da baya, daga layi na biyu zuwa na uku, zuwa na biyar, har ta dangana da bango, ƙarƙashin tagar injin niƙa.

A wannan zango na ƙarshe aka turo musu wata ɗalibar kwalejin horon malamai daga Gidan Waya, cikin waɗanda ake rarrabawa makarantu su yi gwajin koyarwa na mako shida. Malamin ajin ya miƙa mata alli da rajista, ya ɗauki kujerarsa ya koma gindin mangwaro. A mako na biyu, bayan la'asar, ina sito ina duba awo a sikeli, sai ga ta riƙe da hannun 'yata. Siririya ce, ba za ta wuce shekara ashirin da biyu ba, da ɗan giciye a wuya, takalminta duk jar ƙasa.

"Sannu da aiki, Baba. Ni ce sabuwar malamar ajinsu."

"Me ta yi kuma?" na ce. "In duka ne ki dake ta, na ba ki. Ba sai kin zo har nan ba."

"Ba ta yi kome ba, Baba. Roƙo na zo yi. Ka tsaya a bayanta ka faɗa mata wani abu da za ta ji daɗi. Kar ka ɗaga murya, yadda kake magana da ni ɗin nan."

Masu ɗinkin buhu suka dakata suna kallo. Na ji abin kamar wasan yara, amma baƙuwa ce, na yi mata kara. Na tsaya kamar taku uku a bayan yarinyar na ce, "Gobe zan saya miki sabon takalmi da jaka." Ko motsi. Na sake faɗa. Tana nan tsaye tana kallon ƙasa yadda na koya mata.

"To zagayo gabanta," in ji malamar. Ta sa yatsa ta ɗago haɓar yarinyar, ta nuna mata fuskata. "Sake faɗi."

Na faɗa. Idonta na kan bakina. Sai ta yi murmushi ta ce, "Jan takalmi, Baba?"

"Ka gani?" in ji malamar. "Ba raina ka take yi ba. Bakinka take karantawa. In ta sunkuya, rabin maganarka ta wuce ta. A aji kuma tana can baya, inji na ihu a kanta, malami na magana da allo. Ni a kwana uku na gane, don ina da ƙane mai irin wannan."

Kwana uku ta ce. Na nemi buhu na zauna a kai. Ban san lokacin da suka yi sallama ba.

A makon na kai yarinyar wani asibiti a Jos. Likita ya leƙa kunnuwan, ya yi gwaje-gwajensa, ya ce na hagu ya tafi, na dama saura kamar rabi. Ya tambaye ni yaushe ruwan ya fara zuba. Na faɗa masa. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da rubutu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ba ni takarda in kai makaranta, a zaunar da ita gaba, kunnen dama wajen malami, a riƙa fuskantarta in ana magana. A mota muna dawowa na matsa kusa da kunnen na ce mata daga yau ta riƙa kallona in ina magana, ba zan sake dukanta ba. Ta ce to, tana kallon gwiwarta. Da na gaya wa uwarta abin da likita ya ce, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko bulalar da ke rataye a bayan ƙofa ta sa a murhu.

Na je makarantar in ga abin da malamar take yi, na tsaya a bakin taga. Layukan nan bakwai babu su. Ta jawo bencunan ta haɗa su gida huɗu. Darasin Turanci ne, amma kowane gida da irin aikinsa. Waɗanda suka iya karatu sosai ta ba su tsohuwar jarida, kowa ya karanta labari ɗaya ya sake rubuta shi da bakinsa, ba ta ma zuwa wurinsu sai jefi-jefi. Masu haɗa baƙi da ƙyar suna gefe da katuna da ta yanka daga kwalin sabulu. Na tsaka-tsaki suna bin littafin aji. Akwai yaran da suka zo daga ƙauyuka da yaren gida, Hausar ma ba ta gama zama ba aka ɗora musu Turanci. Su ta sa musu yara biyu masu jin yarensu a tsakiya, in ta yi bayani su juya musu. 'Yata tana dab da teburinta, kunnen dama na wajenta. In za ta yi magana sai ta gama rubutu a allo tukuna, ta juyo, sannan ta buɗe baki. In an tashi ta rubuta mata aikin gida a 'yar takarda. Iyakar abin da ta yi mata ke nan. Ajin da hayaniya, ba zan ɓoye ba, har na ga yara biyu sun fara dambe a lungu kafin ta ankara. Amma ban ga ko ɗaya yana barci ba.

A bakin tagar nan na gane inda na yi ƙarya a taron da aka tafa mini. Gaskiya ne ina ware citta, amma ba don in watsar da ta baya nake warewa ba. Mai danshi nakan mayar da ita shanya kwana biyu. Mai ƙasa a sheƙe ta. Wadda ba ta tsagu da kyau ba a sake tsaga ta. Wadda ta fi matsala ita ta fi cin aikina. Dillalin da zai tura mai danshi can ƙuryar sito inda iska ba ta kaiwa, ya dawo bayan wata uku ya ce ga shi ta yi fumfuna, dama na faɗa, ba zai shekara a kasuwa ba. Ga mutane masu satifiket suna yi wa 'ya'yan mutane haka shekara da shekaru, ni kuma na saya musu katako.

Ina tsaye sai ga wata mata da na sani ita ma ta zo leƙe. Manomiyar citta ce daga wajen Fadan Kaje, ta dawo Kafanchan da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, tana komawa gona da damina. Shekara biyar ni take kawo wa kayanta, kuma cittarta ba a mayar da ita shanya. Ashe 'yarta ma a layi na bakwai take, kafaɗa da kafaɗa da tawa, ita ma karo na biyu a ajin.

"Alhaji, kai ma naka yana baya?" ta ce, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Na ɗauka baya na talaka ne."

"Ga shi kuwa kin gani, Mama."

"Yarinya na ba wawa ba ne. A kasuwa shi ke yi mini lissafi, ko kai ba ka iya cuce shi. Turanci ne bai shiga ba. Yanzu da wannan ƙaramin malama, jiya ya karanta mini takardan coci, layi uku!"

Ranar Juma'ar da mako shida suka cika na tare malamar a bakin hanya tana jiran babur. Na tambaye ta ko a kwaleji ta koyi wannan rabon gida-gida. Ta ce ana faɗa musu a aji, amma duk wanda ya fita gwaji yakan dawo ya ce tsofaffin malamai sun ce a bar wannan a littafi. Ta ce ta bar wa malamin ajin katunanta a leda, da takarda mai sunan kowane yaro da abin da yake bukata.

"Amma Baba, ina tsoro in na tafi za a mayar da su."

"Bar ni da su," na ce. "Ni ake jin maganata a nan."

Ranar Litinin malamin ya fitar da yara waje, ya ɗauko sakamakon zangon da ya wuce, ya kira suna. 'Yata ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Uwarta ce ta gaya mini an mayar da su bango.

Talata na rufe sito na tafi da takardar likita. Malamin dattijo ne, ya haura hamsin, ya koyar da rabin unguwar.

"Malam, ga takardar asibiti. Yarinyar nan ba ta ji sosai."

Ya karanta, ya ninke, ya miƙo mini. "Allah ya ba ta lafiya, Alhaji. Ta yi ƙoƙari ta ci jarrabawa, sai ta dawo gaba."

"Ta yaya za ta ci daga inda ba ta jin ka?"

"To wa zan tayar? Ɗan wa? Kowa da guminsa ya samu wurinsa."

"Yarinyar da ta tafi ai ba ta tayar da kowa ba, kuma kowa ya samu."

"Yarinyar da ta tafi mako shida ta yi, maki take nema a wurin malamanta. Ni shekara ashirin da shida nake nan. Yara saba'in da huɗu, ni kaɗai, albashi sai ran da aka ga dama. In raba su gida huɗu, ni ma in rabu huɗu? Ka ji ajin lokacin da take nan? Kasuwar Kafanchan ta fi shi shiru."

"Ko juyowa ka riƙa yi in za ka yi magana, Malam. Shi ma sai an ƙara albashi?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Alhaji, bencin da kake so a ɗora ta a kai, wa ya saya? Wa ya ce tarkace baya? Ina wurin, har tafi na yi maka."

Ban taɓa jin sha'awar marin mutum kamar ranar ba, kuma abin da ya riƙe hannuna shi ne gaskiya ya faɗa. Yawan yaran ma gaskiya ne, maganar albashin ma gaskiya ce. Sai dai mutum ya juyo da fuskarsa ba ya bukatar izinin gwamnati. Na tambaye shi ledar katunan, ya ce yana jin tana ofis. Bayan kwana biyu na ga mai ƙosan bakin makaranta tana fifita wuta da ɗaya daga ciki.

Na je wurin matar nan manomiyar citta muka yi shawara. Ni zan sa a kira taro, ita kuma ta bi gidajen 'yan layin baya ta tattaro iyayensu. Ta yi kwana huɗu tana yawo da ƙafa, ta kawo mutum goma sha huɗu, yawancinsu ba su taɓa taka taron makaranta ba saboda kunya. Bukatarmu ita ce a daina zaunar da yara bisa sakamako, a sa kowa inda zai amfana, a ci gaba da rabon gida-gida ko da sau biyu a mako.

Na miƙe na yi bayani, na janye maganar tarkace a gaban kowa. Ban gama zama ba wani ma'aikacin reluwe ya tashi, wanda ɗansa ke zuwa na ɗaya a ajin.

"Da ɗan Alhaji ke gaba, tsari mai kyau ne. Yau 'yarsa na baya, tsari ya lalace. To mu namu su koma kan bulo don ran Alhaji ya yi sanyi?"

Wuri ya ɗau shewa. Wani abokin kasuwancina, wanda muke sallah sahu ɗaya, ya ce in aka haɗa mai ƙoƙari da daƙiƙi, mai ƙoƙarin ne zai lalace. Wata nas ta ce ita ba ta kawo 'yarta makaranta don ta zama tafinta ba. Tun bayan rikicin tamanin da bakwai ban ga Musulmin unguwarmu da Kiristanta sun haɗa baki a kan abu ɗaya kamar ranar ba, kuma abin da ya haɗa su shi ne kada 'ya'yan baya su matso. Iyayen baya ma a haɗe suke, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, sai dai su ba su saba buɗe baki a taro ba. Matar nan ce kaɗai ta tashi.

"Ni ban ce a cire yaron kowa ba. Na ce malam ya zo baya shi ma. Ƙafa ne ba shi da shi?"

Aka yi dariya, har da malamin. Hedimasta ya ce magana ce babba, a dawo bayan mako biyu.

Washegari ya aiko a kira ni ofis. Mutum ne mai laushin baki, har lemo ya sa aka kawo mini.

"Alhaji, kai mutumin kasuwa ne, mu yi maganar manya. Tsarin nan ba zai canzu a zangon nan ba, ka ga yadda taro ya kasance. Amma 'yarka tana da takardar likita. Zan sa a ajiye mata kujera a gefen layin farko, ba a tayar da kowa ba. Zan kuma yi wa malam magana ya riƙa juyowa."

"Sauran fa, ranka ya daɗe?"

"Sauran suna da takardar likita?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Sai dai ina roƙon a bar maganar nan ta kwanta. In ka sake tayar da ita, iyayen gaba za su ce kujerar ma son kai ce, ni kuma ba zan iya kare ta ba. Saura mako biyar jarrabawa."

Na san ciniki in na gan shi. Ya san abin da nake so, ya san ba ni da lokaci, ya faɗi abin da zai karɓa. A kasuwa in aka matse ni haka nakan kaɗe riga in tafi, don na san gobe wani zai kawo wani buhun. A nan babu wani buhun. Na duba mako biyar, na duba mutum goma sha huɗu da ba sa iya magana a taro, na ce na yarda. Ban yi minti biyar ina tunani ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na yi ba.

Ranar taro na biyu na tashi da safe na hau motar Zangon Kataf, alhali ba ni da kayan da zan saya a can. Ban aika wa matar nan ba. An gaya mini ta zo da mutum tara, suka zauna suna duban ƙofa. Hedimasta ya ce tunda mai ƙorafin bai zo ba, alama ce ya gamsu. Ta tashi za ta yi magana, wani ya kwaikwayi Hausarta, aka yi dariya, aka shiga batun gyaran rufin ofis.

Kujerar ta yi aiki. Malamin yana juyowa in ya tuna. Yara suka sa wa wurin suna kujerar Alhaji, wani lokaci 'yata ta dawo da kuka, amma tana ganin bakinsa, kuma abin da ta samu a mako shidan nan bai zube ba. Da yamma uwarta kan zaunar da ita gaban yayanta fuska da fuska su bi darasin. Ta zo ta arba'in da huɗu, ta wuce aji biyar. 'Yar matar nan ta zo ta sittin da biyu. Hedimasta ya kira uwar ya ba ta shawara.

Da kakar citta ta zo na hango ta a kasuwa da buhunanta, yarinyar na tsaye kusa da ita a ranar makaranta. Na ƙarasa na gaishe ta, na taya sama da yadda ake saye ranar.

"An sayar, Alhaji."

"Wa ya saya, Mama? Ko nawa ya ba ki zan ƙara."

"Wanda in ya ce zai zo, yana zuwa."

Ta juya tana ɗaure bakin buhu. Daga baya na ji wanda ya saya, na san sikelinsa ba shi da gaskiya, ita ma ta sani.

'Yata ta gama firamare, ta gama sakandare, yau tana aiki a ɗakin ajiye katunan wani asibiti, tana da 'ya'ya uku. Wannan na samu, kuma in aka mayar da ni ofishin nan yau, ina jin abin da zan sake zaɓa ke nan, shi ya sa haushin bai wuce ba. Kunnen hagu bai dawo ba. Shekara guda ta maimaita a banza, ga dukan kusan shekara uku a kan laifin da ba ta yi ba. Kiran suna a bakin ƙofa ya ci gaba har malamin ya yi ritaya bayan shekara shida. A cikin yaran da iyayensu goma sha huɗu suka biyo ni taro, uku kawai na san sun gama firamare. Malamar ban sake ganinta ba, ban ma yi mata godiyar kirki ba. Matar kuwa ta ƙara shekara goma sha ɗaya tana noman citta, ba ta sake sayar mini da ko mudu ɗaya ba.